Kitson Mai Tufkar Igiya

Litinin, bayan la'asar, farkon Rajab

Yaya Habsa, ki yi haƙuri da ni. Na san kaka ce, hannunki bai zauna ba, ga sussuka ga jikoki, idonki kuma ba kamar da ba, sai ga ni na ɗora miki karatun ajamina mai karkata. Ban ma sani ba ko zan aiko miki da shi. In ya iso gare ki, ki ɗauka hira ce irin wadda muke yi bayan zauren Baba in an tashi karatu.

Saƙonki ya iso jiya ta bakin Rabi mai goro, da ta sauko daga motar kasuwa ta Bankuku. Ta ce kun zauna ke da Yaya Manzo, kun ga ciwona ya daɗe, kuma ba a barin mace tana jinya gidan miji kamar ba ta da dangi. Ta ce in an gama ɗaurin hatsi Yaya Manzo zai zo Filinge ya ɗauke ni in koma wurinki, sai dai ke kina son ki ji daga bakina tukuna. Gaskiyarku. Haka anka yi wa Inna, haka ake yi wa kowa.

Na ɗauki alƙalami don in rubuta miki "to", shi ke nan. Ga shi na ci rabin takarda ban rubuta ba. Yatsun sun fara ciwo. Sai gobe.

Talata, hantsi

Yau da sauƙi. Safiya ce mugun lokacina, gaɓoɓi sukan tashi a ɗaure, sai rana ta ɗaga suke sakina kaɗan kaɗan. Majo, babban ma'aikacin asibiti, ya faɗi sunan ciwon da Faransanci, ban riƙe ba. Ya ce in guji rana, in sha ƙwaya, in sa a raina zama ya zo yi.

Rabonki da gidan nan tun auren autata Balkisu, ita kuma ga ta can Damana da tsohon ciki. Bari in gaya miki yadda gidan ya koma. Kin san sana'ar mai gidan nan, tufkar igiya, ta kaba da ta rama, ta guga da ta dabbobi. To yanzu gidanmu kamar bakin rijiya. Akwai wadda ya rataya ga azara bisa gadona, ya yi mata zobe a baki, in zura wuyan hannu in ja jikina in tashi, tunda yatsu ba su riƙo. Akwai wadda ya bi da ita jikin katanga tun daga ƙofar ɗaki har bayan gida. Buta ma ya yi mata marataya, ina karkata ta da gwiwar hannu. Ban roƙi ko ɗaya ba. Kallo kawai yake yi. In ya ga inda na tsaya ina nishi, washegari sai in tarar da igiya wurin.

Hatsi shi ke kai wa inji, fura shi ke damawa. Tuwo kuwa Delu maƙwabciyarmu ke aikowa tun damina, Allah ya saka mata.

Saura abu guda da ban gaya wa kowa ba. Gashina ya zube, Yaya. Daga tsakar kai zuwa ƙeya, wurin ya kai tafin hannu. Kin san gashin gidanmu, kin san yadda nake da shi. Delu ce ke mini kitso tun ina amarya, amma da na shafa na ji wurin ya yi sumul sai na daina zuwa, na ce mata wuyana ba ya jure sunkuyo. Ba ƙarya na yi ba. Ba kuma ita ce gaskiyar duka ba.

Kan ya dunƙule, ya yi ta ƙaiƙayi, har ya fara ƙuraje ƙarƙashin kallabi. Wata Juma'a sai na ga mai gidan nan ya ja ƙofar gida ya rufe, ya ɗauko matajina, ya ce abin da yake yi da kaba tun shina yaro ba zai gagare shi bisa kai ba. Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce amin, ki zauna.

Daga baya ya ce zai iya rufe wurin, ya kama gashin gefe da gefe ya haɗa da zare. Nan na tuna Baba shina karantar da mu hanin ƙara wa gashi abin da ba shi ba, abin ya tsaya mini a rai. Na ce ba zan yarda ba sai an tambaya. Shi ya tahi wurin Liman. Ya ce da ya zauna sai ya fara da cewa wani mutum ne matarshi ba ta da lafiya, kaza da kaza. Liman ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ko wani mutumin nan igiya yake tufka. Ya dawo ya ce mini Liman bai ga laifi ba, muddin babu yaudara ciki kuma ruwa na isa fata. Na ce alhamdu lillahi. Ban nemi sauran bayani ba.

Laraba, azahar

Ba zan rubuta abin da ya faru da safe ba. Igiyar katanga ba ta da laifi, ƙafata ce ta makara.

Ya fasa zuwa gona. Zanen ya shanya shi cikin ɗaki, ba tsakar gida ba. Ya kwashe ƙasar wurin ya zuba sabon rairayi. Da ya wanke hannu sai ya tambaye ni ko na ji rediyo ta ce sojoji za su miƙa mulki bayan zaɓe. Na ce ban ji ba. Ya zauna bakin ƙofa ya ba ni labarin duka, da wanda ya sani da wanda bai sani ba, ni ina kallon bango.

Mutum mai furfura a gemu, Yaya.

Alhamis, la'asar

Hannu ya ƙi. Astagfirullah.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

An yi kitso. Kullum haka muke yi: ya rufe ƙofar gida ya tokare ta da turmi, ya zauna bisa kujera, ni bisa tabarma ninki biyu, in jingina da gwiwoyinshi don wuyana ya huta. Tafinshi kamar bayan itacen kuka yake, sai ya shafa man shanu tukuna don kada ya ɗebe ɗan abin da ya rage. Matsala guda, in hankalinshi ya tahi sai ya tofa yawu a hannu yadda yake yi in zai murza kaba. Yau ma ya yi. Na ce mishi kaina ba guga ba ne. Ya ce ya tuba. Kowace Juma'a shina tuba.

Gobe sunan jikan Delu. Na ce ba ni zuwa, a kai mata gaisuwata. Ya ce matar da ke ɗauko tuwo da ruwan sama ta kawo mana, da wane ido za mu dube ta in ban taka na yi mata barka ba? Katanga guda ce tsakaninmu. Ya ce zai raka ni da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Na yarda.

Har yanzu ban rubuta miki "to" ɗin ba. Ina sane.

Asabar, bayan magariba

Na je. Na dawo. Allah ya raya yaron.

Lahadi, la'asar

Gari ya cika da ƴan kasuwa da motocin ƴan siyasa masu lasifika. Shi ya ɗauki igiyoyinshi ya tahi rumfa kamar kullum. Ni kaɗai ce gida, bari in faɗa, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Kallabi ba ni iya ɗaure shi, shi ke ɗaura mini. Jiya da ya ja zai ƙulla sai na ce kada ya yi mini ɗaurin jaki, mata za su gane. Ya sassauta. Ki riƙe wannan, ni na ce ya sassauta.

Gidan Delu anka zaunar da ni ɗakin manya, anka yi ta ina gajiya, ina ƙarfin jiki. Har na ji daɗi, Yaya, na manta yadda ƙamshin taro yake. Sai anka miƙo mini jaririn in yi mishi addu'a. Na tallabe shi bisa damatsa, na sunkuya zan tofa, na ji kallabi shina zamewa. In na kai hannu, yaron ya faɗi. Ina ji ina gani ya sauka bisa kafaɗata.

Duk ɗakin anka zuba mini ido. Sai wata yarinya cikin dangin uban, ban san ta ba, ta ce, "Inna Kubura, gero ne ya tsiro miki?"

Anka fashe. Wata ta ce wanga ba kitso ba ne, igiyar guga ce, a zura ni rijiya a gani. Delu ta matso ta duba, ita mai kitso ce, hannun kowa ta sani. Bakinta ya riga hankalinta, ta ce wanga tufkar hagu ce, kuma duk ƙasar nan ta Kurfai mutum guda ke tufka ta hagu. Tana faɗa ta kama bakinta, ta yaye mayafinta ta rufe mini kai, ta karɓi yaron. Amma an ji.

Kore ne, Yaya. Zaren. Kore shar, kamar ganyen wake bayan ruwa. Watanni ina yawo da shi ban sani ba, tunda ba ni ganin ƙeyata, shi kuma a aljihu yake ajiye zaren.

Da na dawo na tambaye shi. Ya dube ni da mamaki, ya ce ya zaci na sani. Ashe abin da Liman ya ce shi ne a sa zaren da ba wanda zai ɗauka gashi ne, don kada a yaudari ido. Sai ya tahi wurin tela ya tsaya gaban zare. Baƙi ya fita ke nan. Fari zai yi kama da furfura. Ja ya ga ya yi yarinta. Kore kuwa, in ji shi, launin ƙofar masallaci ne. Ya ce ai ni na ce a tambaya, shi kuma abin da anka gaya mishi ya bi, don kada in tashi da alhaki.

Na ce mishi abin da ban taɓa ce mishi ba tun da anka kawo ni gidan nan. Ba zan rubuta ba. Ya tsaya ya ji duka, sannan ya tahi ya ba akuya ruwa.

Litinin, hantsi

Na matse tsinke tsakanin wuyan hannu biyu ina son in tsefe abin da kaina. Ban kai ba, sai fata na yaga. Ya shigo ya gani. Ya zauna ya tsefe, ya naɗe zaren bisa kara ya maida aljihu.

Talata, bayan azahar

Delu ta zo neman gafara. Na ce ba ta yi mini komi ba. Ta ce da na nuna mata tun farko, rabin matan da take wa kitso suna da wurin da suke ɓoyewa, ita ba ta taɓa kai kan kowa kasuwa ba sai nawa, shi ma shaiɗan ne ya ja harshenta. Ta ce in zauna ta gyara mini. Na ce a bari.

Ita ta ba ni labarin kasuwa, ɗanta na wurin. Ta ce maza sun ajiye maganar zaɓe sun koma kan kaina. Magagi dillalin shanu, taubashin mai gidan nan, shi ya fara. Ya zo rumfa ya tuɓe hula, ya durƙusa gaban jama'a ya ce, ba ni na faɗi sunan ba, shi ya faɗa, "Kailu, yi mini na zuwa biki, kuma ni shuɗi nake so."

Delu ta ce mai gidan nan ya ajiye kaba, ya kama kan Magagi ya juya shi dama da hagu kamar mai sayen kankana, ka san Magagi sanƙo gare shi har ƙeya, ya ce, "Ko igiya sai da abin kamawa. Kai sai dai in yi maka gammo." Anka yi ta dariya har masu goro sunka taso. Ya ƙara da cewa duk wanda matarshi ta kwanta ya zo ya koya mishi, kyauta.

Na rubuta "ka san", ki gafarce ni, bakin Delu ne ya bi hannuna.

Delu na ba ni labari tana share hawayen dariya. Ni ban yi ba. Na tambaye ta ko shi ke nan. Sai ta ce akwai wani tsoho da ya ce wa mai gidan nan a masallaci, ana daidaita sahu, ya koma baya inda mata ke tsayawa. Ta ce ba kowa ya ji ba.

Mutumin da ya yi shekara da shekaru sahun gaba, bayan Liman. Bai gaya mini ba. Ranar ya dawo ya dama fura, ya tambaye ni ko ta yi tsami.

Laraba, la'asar

Ya tambaye ni ko ta yi tsami.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Ya ɗauko mataji da man shanu. Na juya fuska ga bango. Ya jima tsaye, sannan na ji ya maida su cikin ƙwarya.

Ina ta lissafin abin da ya zama saboda ni. Gonarshi ce ta ƙarshe da anka girbe a unguwa. Ba ya zaman majalisa bayan la'asar. Ɗaurin aure in ya wuce bakin gari ba ya zuwa. Yanzu kuma ga sunan da yara ke kiranshi da shi a hanya, ina jinsu ta bisa katanga. Ni mi na ba shi? Ko ruwan alwala shi ke zuba mini.

Kan ya fara ƙaiƙayi.

Lahadi, bayan la'asar

Rabi mai goro ta sake zuwa. Ta ce labarin ya riga ta isa Bankuku, Yaya Manzo ya ji shi a bakin mahauta. Ta ce ya shigo wurinki ranshi a ɓace, shina cewa an maida mu kamar gidan da babu mata, namiji na wa ƙanwarshi kitso gari na dariya. Ba zai jira amsata ba. Ba Lahadi mai zuwa ba, ta bayanta, zai zo da mota ya ɗauke ni. Ta ce ke kin yi shiru.

Na ce mata na ji.

Litinin, hantsi

Na gaya mishi. Na tsara maganar tun asuba, yadda ba za ta yi kama da fushi ba. Na ce dangina na da hakki, al'ada ce, kuma zai samu ya huta ya koma cikin mutane.

Ya ce, "To."

Shi ke nan, Yaya. Kalmar da na kasa rubutawa, shi ya faɗe ta ko numfashi bai ja ba. Ashe ina jiran ya hana. Na ji haushin kaina da na gane haka.

Can sai ya tambaye ni ko ɗakinki azara gare shi ko kwano, kuma tsawonshi ya kai namu. Ya tambayi nisan bayan gida daga ƙofa, da ko akwai katanga a hanyar ko fili ne. Na faɗi abin da na tuna. Ya tahi ya jiƙa rama.

Talata, azahar

Tun safe shina tufka ƙarƙashin itacen bedi. Ba ta kasuwa ba ce. Na ga ya yi mata zobe, ya naɗe zoben da tsumma don kada ya ci fata.

Laraba, la'asar

Ya shigo da duma a hannu. Ya huda shi kewaye, ya cusa rama tuttu-tuttu kamar gashi, ya bar tsakiya fili daidai irin nawa. Ya kitse rabi da koren zaren, ya bar rabi. Ya ce in tahi miki da shi ki gani, kuma tunda ina rubutu in rubuta miki bayanin, kada a manta. Ga shi yadda ya faɗa.

A fara daga bayan kunnen dama, nan ne gashin ya fi ƙarfi. Kada a ja, in ta ce ba zafi a dubi kafaɗarta, in ta ɗaga to da zafi. A bar tsaga tsakanin layi da layi don ruwan alwala ya shiga. Ba ta jure zama mai tsawo, in an kai rabi a tsaya a ba ta ruwa, a yi kamar mai kitson ce ta gaji. Kada a yi da safe. In akwai ƙurji a tsallake shi. Kada a ce mata wurin ya ƙaru.

Nan ya tsaya, ya ce wannan ta ƙarshe kada in rubuta. Na riga na rubuta.

Ba ni iya ci gaba yau. Ba hannu ba ne.

Alhamis, bayan la'asar

Na ja igiya na tashi, na bi ta katanga har gindin bedi inda yake aiki. Ya matsa mini tabarma. Ya ci gaba da murza rama bisa cinyarshi.

Na ce, "Malam, ba ka jin kunya?"

Na zaci zai ce a'a, in ce ƙarya yake. Sai ya ce shina ji. Ya ce ranar da anka ce ya koma sahun baya, har ya rasa raka'a nawa anka yi, kunnuwanshi na zafi har ya iso ƙofar gida. Ya ce da ya shigo sai ya tarar na karkata buta da kaina ina alwala, ban san shina kallo ba, sai abin ya sake shi.

Sannan ya ajiye ramar ya ce, "Kubura, in hutu za ki nema wurin Habsa, ga igiya na tufka, Allah ya sa hannunta ya fi nawa taushi. In kuwa don ni za ki tahi, ba ki tambaye ni ba."

Gaskiya ne. Na tambayi bango, na tambayi takardar nan, na tambayi Rabi mai goro da ido. Shi ban tambaye shi ba.

Na ce, "To na tambaya."

Ya ɗauki ramar ya ci gaba da murzawa, bai dube ni ba. Na ga tufkar ta fita ba daidai ba, abin da ban taɓa gani ba. Can ya ce, "In kin tahi, wa zai hana ni tofa yawu a hannu?"

Na yi kuka, Yaya, irin wanda ban yi ba ko ranar suna. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Zauna gidanki."

Tun ranar Laraban nan da ƙafata ta makara nake cewa shi nake tausayi. Idonshi nake gudu, idon da ya ga komi bai canza ba. Na fi son in je inda za a yi mini don dole, a yi tsaki in na juya baya, da in zauna inda ake mini ban da abin biya. Allah ya yafe mini.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Ya tashi zai tokare ƙofa da turmi, na ce ya bar ta. Ya dube ni, na ce zafi ake yi, iska ta shigo.

Kan ya dunƙule ƙwarai, mun jima wurin tsefewa. Muna tsaka sai ga Delu da kwanon tuwo. Ta tsaya bakin ƙofa kamar za ta koma. Na ce ta shigo. Ta ajiye kwano, ta zagaya bayanshi tana kallo, hannu a ƙugu. Ba ta iya haƙuri ba, ta ce tsagar nan ta karkace kamar hanyar Damana da damina, ta karɓi tsinke ta tsaga mishi. Ya ce ya gode, malama. Sai kuma ta sunkuya tana tambaya yaya yake haɗa zaren gashin bai tsinke ba, ta ce ya sake yi ta gani. Ta ce akwai wata tsohuwa da ke zuwa wurinta, ba ta faɗi suna ba.

Ana haka munka ji sallama daga waje, muryar Magagi, ya zo karɓar igiyar shanu. Ya ɗaga murya don unguwa ta ji, ya ce, "Mai kitso na nan?"

Na ji gwiwar mai gidan nan ta motsa zai tashi. Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Shina nan, amma akwai mutum gabanka. Ka jira."

Delu ta zube ƙasa don dariya. Sai Magagi ya ce Allah ya ba ni lafiya, zai zauna bisa dakali. Ya kuwa zauna har anka gama.

Da ya zaro kara daga aljihu ya tambaye ni ko ya nemo wani launi. Na ce abin da Liman ya ce shi za a bi.

Asabar, hantsi

Yaya Habsa, gobe zan ba Rabi takardun nan duka. Na so in cire wasu, na ga in na cire ba za ki gane ba.

Ba ni zuwa. Ba don na raina ku ba, na san ƙauna ce ta sa, kuma na san abin da mutane za su ce da gidanmu. Ban warke ba, majo bai ce zan warke ba. Yau ma sai da anka ɗaga ni. Kunyar ma ba ta tahi ba, ɗazu na ji yara bayan katanga sai da na ja mayafi. Amma in zan ji ta, gara in ji ta nan, jingine da gwiwar da na sani.

Yaya Manzo ba ya jin maganar kowa sai taki. In ya iso ƙofar gidan nan da mota, kin san ni, ba zan iya ce wa babban wana a'a gaban mutane ba, shi kuma mai gidan nan ba zai tare hanyar suruki ba, zai ɗauki kayana ya sa a mota da hannunshi. Don haka ke nake roƙo. Ki zaunar da shi, ki karanta mishi abin da ya kamata ya ji. Ta ranar Laraba ta farko ki tsallake.

Igiyoyin da anka tufka don ɗakinki na ba Rabi ta kawo miki. Kin ce gwiwa na damunki, ki sa a rataya miki mai zoben bisa gado, za ki gode. Duman kuwa na riƙe abina.

In Yaya Manzo na son zuwa, ya zo mu gaisa ya ci tuwon Delu ya koma. In zai riƙo mini tsaraba, an ce akwai zare mai kyau a kasuwarku. Kore.

Don Allah ki ba ni amsa da wuri, kafin Juma'a in da hali. Ki ba kowane direba da ya biyo ta ƙofarku, ki ce gidan mai kitso, a Filinge. Kowa zai nuna mishi.